Bunƙasar Tsarin Koyar da Sana'o'i da Samar da Aikin Yi a Jihar Katsina: Misali Daga Dutsi da Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara makarantun firamare da na sakandare a Jihar Katsina suna yaye dubban yara, amma kaɗan ne daga cikinsu suke samun gurbi a manyan makarantu ko aikin albashi. Sauran sukan koma gona ko kasuwa ko shagon wani mai sana'a, wasu kuma su rasa tudun dafawa. Wannan ya sa iyaye da hukuma suke fuskantar tambayoyi guda biyu. Wa zai koya wa matashi abin yi? Idan ya koya, wa zai sada shi da inda ake bukatar aikinsa?

Wannan babi ya bi diddigin yadda aka riƙa amsa waɗannan tambayoyi tun daga zamanin gargajiya har zuwa yau. An ɗauki Ƙaramar Hukumar Dutsi da maƙwabtanta na ƙasar Daura a matsayin misali. Dutsi ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar, tana cikin shiyyar Daura, kuma tana maƙwabtaka da Mashi da Mani da Daura. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutane kimanin 120,000, mafi yawansu manoma da makiyaya. Abin da babin yake son fitowa da shi shi ne, tsarin gargajiya ya haɗa koyo da samun aiki wuri guda, shi kuwa tsarin hukuma ya fi ƙarfi wajen koyarwa, ya yi rauni wajen kai wanda aka koya wa bakin aiki.

2.0 Ma'anar Horon Sana'a da Hidimar Samar da Aiki

Sana'a ita ce duk wani aiki na halal da mutum ya ƙware a kansa, yake yin sa a kai a kai domin neman abin masarufi. Horon sana'a kuwa shi ne shirin da ake bi a koya wa mutum wannan aiki har hannunsa ya faɗa, ko a makaranta ko a wurin maigida. Ita kuma hidimar samar da aiki tana nufin duk hanyoyin da ake bi a haɗa mai neman aiki da mai neman ma'aikaci. Ta ƙunshi yi wa masu neman aiki rajista, da tattara labarin guraben da ake da su, da ba da shawara a kan zaɓen sana'a, da kuma taimaka wa wanda zai tsaya da ƙafarsa da jari ko kayan aiki.

Idan aka lura, za a ga cikakken tsari yana tsayuwa ne a kan duwatsun murhu guda uku: koyo, da shaidar cewa an koya, da kuma mashigar aiki. Da wannan ma'auni ne za a auna kowane zamani da babin zai ambata.

3.0 Tsarin Gargajiya

3.1 Gado da Haye

Kafin zuwan Turawa, gida shi ne makarantar sana'a ta farko a ƙasar Hausa. Noma na kowa ne, kuma yaro yakan koye shi a gandun gidansu, daga baya a yankar masa gayauna domin ya san daɗin guminsa. Da zarar an kawar da amfanin gona, sai kowane gida ya koma ga sana'arsa ta rani, kamar ƙira da saƙa da rini da jima da dukanci da fawa da wanzanci da gini da sassaƙa. Yawancin waɗannan sana'o'i gadonsu ake yi. Ɗan maƙeri yakan fara ne da zuga wuta da zugazugi da miƙa awartaki, sannan a bar shi ya riƙa sara da masaba, kafin a yarda ya ƙera lauje ko fartanya shi kaɗai. Tsufan sana'ar ƙira ya fito har a cikin labarin Bayajida, inda aka ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura.

Wanda bai gaji sana'a ba yakan iya shiga ta hanyar haye. Uba ko wani babba ne zai kai yaro wurin mai sana'a ya damƙa shi amana. Yaron zai yi wa maigidansa hidima shekara da shekaru, yana ci yana sha a gidansa, yana koyo da ido da hannu. Su ma mata suna da nasu layin. Yarinya takan koyi kaɗi da saƙar faifai da kitso da yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa da fura daga uwa ko kaka, kuma ta san kasuwar kayan tun tana ƙarama ta hanyar talla.

3.2 Shaida da Yaye

A wancan tsari babu takarda, amma akwai shaida. Kowace babbar sana'a tana da shugaba wanda sarauta ta san da shi, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Magina. Su ne masu sasanta rikici tsakanin 'yan sana'a, da hukunta mai ha'inci, da tara mutanensu idan aikin fada ya taso. Sunan maigidan da ya koyar da yaro shi ne takardar shaidarsa. Idan aka ce wane yaron gidan wane ne, magana ta ƙare.

Lokacin yaye kuwa, maigida yakan ba yaronsa kayan aiki ko ɗan jari, wani lokaci har ya yi masa aure, kuma ya riƙa tura masa masu ciniki. Wato dai wanda ya koyar shi ne ya ba da shaida, kuma shi ne ya buɗe ƙofar aiki.

3.3 Cin Rani

Ga wanda garinsu bai ishe shi ba, akwai cin rani. Matasa sukan bar ƙauyuka bayan girbi su nufi Katsina ko Kano ko wasu garuruwa masu nisa, su dawo da faɗuwar ruwa. Ɗan cin rani ba ya tafiya da ka. Yakan sauka wurin ɗan garinsu da ya riga shi zuwa, ko wurin fatoma a zango, shi ne zai ba shi masauki, ya tsaya masa, ya nuna masa inda ake neman ma'aikaci. Wannan shi ne ofishin samar da aiki na Bahaushe, kuma har gobe yana aiki.

Sai dai tsarin yana da nasa aibin. Yakan ɗaure yaro a kan sana'ar gidansu ko da ba ya son ta. Wasu sana'o'in ana yi musu kallon raini. Haka kuma mugun maigida yana iya riƙe yaro ya yi ta bautar da shi ba tare da ranar yaye ba.

4.0 Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun ci Katsina a shekarar 1903. Zuwansu ya kawo sababbin abubuwa biyu da suka shafi aiki: haraji da kuɗin Bature, da kuma aikin lada. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, neman kuɗin haraji ya ƙara tura mutane cin rani. Akwai kuma aikin tilas na hanyoyi da gine-gine. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, an riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da jama'a suka kira diban gwamna. Irin wannan tarihi ya sa talaka ya daɗe yana ɗari-ɗari da duk wata rajistar aiki da ta fito daga hukuma.

Ta fuskar horo, makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'o'in hannu. Amma hankalin Turawa ya fi karkata ga samar da malamai da ma'aikatan ofis. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, malaman makaranta aka kafa ta ta horar. Masu aikin hannu na zamani, kamar kafintoci da birkiloli da makanikai da direbobi, mafi yawansu a ma'aikatar ayyuka ta En'e suka koya. Daga nan ne aka fara samun bambancin da ya zauna a zukatan mutane har yau, wato ɗaukar aikin alƙalami a matsayin na manya, aikin guduma kuwa na wanda karatu ya ƙi.

Sai bayan yaƙin ne, ƙarƙashin shirin raya ƙasa na shekara goma da aka fara a 1946, gwamnati ta mai da hankali ga ilimin fasaha. An kafa cibiyoyin koyon sana'a a wurare irin su Bukuru da Ilori da Kano, aka buɗe makarantar fasaha ta Kaduna a 1956. Gwamnatin Jihar Arewa ta kuma kafa ƙananan makarantun sana'a a larduna, daga cikinsu akwai ta Wudil da ta Soba da ta Mashi. Ta Mashi ita ce ta zama Kwalejin Fasaha ta Gwamnati, kuma tana dab da Dutsi.

Shi ma ofishin leba, inda mai neman aiki yake zuwa ya rubuta sunansa, a wannan zamani ya shigo. Turawa sun kwaikwayo shi ne daga ƙasarsu, inda aka yi dokar kafa irin waɗannan ofisoshi a 1909. Sai dai a manyan birane kawai aka buɗe su, domin can ne ake da kamfanoni da ma'aikatu. Mutumin ƙauye bai ma san da zamansu ba.

5.0 Daga 'Yancin Kai Zuwa 1986

Bayan samun 'yancin kai a 1960, ƙasar Katsina da Daura ta kasance cikin Jihar Arewa har zuwa 1967, sannan Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna a 1976. A 1961 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1948, wadda ta ɗora wa gwamnati nauyin gudanar da hidimar samar da aiki kyauta ga jama'a. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce take riƙe da ofisoshin leba, ita ce kuma take shirya jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku, wadda ta zama takardar shaida ta farko da makaniki ko birkila zai iya nunawa.

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya haifar da hukumomi da dama:

(a) Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, an kafa shi a 1971. A 1973 ya ƙirƙiro shirin tura ɗaliban manyan makarantu ma'aikatu domin sanin makamar aiki.

(b) Shirin yi wa ƙasa hidima ya fara a 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon.

(c) Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa ya fara a 1976, abin da ya sa aka buɗe makarantu har cikin ƙauyuka, aka kuma ɗauki malamai masu ɗimbin yawa.

(d) Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, an kafa ta a 1977, hedikwatarta tana Kaduna.

A 1977 ɗin ne aka fito da Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982. Nufin tsarin shi ne yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare, domin wanda ba zai ci gaba ba ya fita da abin yi. An sayo injuna daga ƙasashen waje an rarraba wa makarantu, amma a wurare da yawa babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san injin. Kayan suka lalace a cikin akwatunansu.

A wannan zamani matsalar mashigar aiki ba ta fito fili ba, domin gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata. Wanda ya gama makarantar horon malamai ko sakandare, aiki ne yake jiran sa. Akwai kuma masaƙun Kaduna da Kano da Funtuwa, da kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina da aka buɗe a 1982. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka dakatar da ɗaukar aiki, aka shiga rage ma'aikata.

6.0 Hukumar NDE da Kafuwar Jihar Katsina

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Darajar naira ta faɗi, masana'antu suka shiga mawuyacin hali, masu takardar makaranta suka fara yawo babu aiki. Domin rage raɗaɗin haka ne aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wato NDE, a ƙarshen 1986, aka ƙarfafa ta da doka a 1989. Ayyukanta sun kasu kashi huɗu: koyar da sana'o'i, da tallafa wa ƙananan masana'antu, da samar da aiki a karkara ta hanyar noma, da kuma ayyukan gayya na wucin gadi.

Shirinta da ya fi shahara shi ne na tura matasa wurin masu sana'a na cikin gari. Hukuma takan zaɓi tela ko kafinta ko mai walda, ta ba shi yara, ta biya shi ladan koyarwa, su kuma yaran ta ba su ɗan alawus. Wanda ya gama akan ba shi takardar shaida, wasu kuma a ba su rancen kayan aiki. Akwai kuma makarantar tafi-da-gidanka, wato mota mai ɗauke da kayan koyarwa da take zuwa ƙauyuka. Abin lura a nan shi ne, bayan shekaru da dama ana gina makarantu, sai ga hukuma ta dawo ta rungumi tsarin maigida da yaronsa. Bambancin kawai shi ne, a da amana ce ta haɗa su, yanzu kuwa kuɗin gwamnati ne, kuma duk ranar da kuɗin ya tsaya, koyon yakan tsaya.

Ana cikin haka aka ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987. Sabuwar jiha ta buɗe guraben aiki a ma'aikatu da ƙananan hukumomi, ta kuma gaji makarantun fasaha da cibiyoyin koyon sana'a daga tsohuwar Jihar Kaduna, tare da babbar kwalejin kimiyya da fasaha da yanzu ake kira da sunan Hassan Usman Katsina. A 1992 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NABTEB domin shirya jarrabawar kammala makarantun fasaha da kasuwanci. Ta ɓangaren mata kuwa, shirin kyautata rayuwar matan karkara na 1987 da shirin tallafa wa iyali na 1994 sun sa an buɗe cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi, inda ake koyar da ɗinki da saƙa da yin sabulu da man shafawa.

7.0 Daga 1999 Zuwa Yau

Dawowar mulkin farar hula ta zo da yawaitar shirye-shirye, kusan kowace gwamnati da nata. A matakin tarayya an yi shirin yaƙi da talauci na NAPEP a 2001, wanda sunansa ya bi babur mai ƙafa uku. An kafa hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan masana'antu a 2003. An yi shirin SURE-P a 2012, shekarar da aka shigar da koyon sana'a cikin shirin yi wa ƙasa hidima.

A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari, wanda ɗan Daura ne, ta fito da N-Power. Rukunin farko ya ƙunshi matasa 200,000, na biyu 300,000, ana biyan mai digiri ko takardar NCE naira 30,000 a wata, kuma da yawansu koyarwa aka tura su. An sallami waɗannan rukunai biyu a 2020, aka kuma dakatar da shirin a watan Oktoba na 2023. Haka nan a 2021 hukumar NDE ta gudanar da shirin ayyuka 774,000, inda aka ware wa kowace ƙaramar hukuma gurbin mutum 1,000, a kan naira 20,000 a wata har tsawon wata uku. Idan aka auna wannan adadi da yawan mutanen Dutsi, ko da na ƙidayar 2006 ne, za a ga bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, kuma bayan wata ukun kowa ya koma inda ya fito.

A matakin jiha, gwamnatin Ibrahim Shehu Shema, wadda ta yi mulki daga 2007 zuwa 2015, ta kafa Ƙauyen Koyon Sana'o'i na Matasa a birnin Katsina, inda ake kawo yara daga ƙananan hukumomi su koyi walda da kafinta da ɗinki da aikin fata da gyaran waya da makamantansu. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta kwaikwayi N-Power ta kafa S-Power, ta tura matasa masu takardar koyarwa makarantu a kan alawus. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya taɓa shugabantar SMEDAN, ta kafa hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta jiha mai suna KASEDA a 2023, ta kuma ɗauki malamai fiye da 7,000 aiki na dindindin bayan an yi musu jarrabawa. Wannan misali ne na inda aikin wucin gadi ya kai ga mashiga tabbatacciya. Shiyyar Daura kuma ta samu manyan makarantun tarayya guda biyu, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Daura, da Jami'ar Sufuri wadda aka aza harsashinta a 2019.

8.0 Inda Gizo Yake Saƙar

Idan aka ɗora duk waɗannan a kan ma'aunin da aka kafa a farkon babi, za a ga dutsen farko, wato koyo, ya samu kulawa. Na biyu, wato shaida, yana nan ga wanda ya bi ta makaranta, amma dubban yaran da suka koya a shago ba su da wata takarda, duk da cewa hukumar NBTE ta fito da tsarin auna ƙwarewar irin waɗannan mutane a ba su shaida. Dutse na uku shi ne mai girgiɗi, musamman a wuri irin Dutsi. Dalilan haka sun haɗa da:

(i) Nisa. Ofisoshin hukumomin tarayya da manyan cibiyoyin horo suna babban birnin jiha. Yawancin shirye-shiryen yanzu ta intanet ake cika su, kuma sai mai asusun banki da lambar shaidar ɗan ƙasa. Yaron ƙauye yakan ji labari bayan an rufe.

(ii) Rashin dacewar horo da kasuwa. Idan aka koya wa matasa hamsin ɗinki a gari guda aka raba musu kekuna, cinikin garin ba zai ɗauke su duka ba. Wannan yana cikin abin da yake sa wasu su sayar da kayan da aka ba su. Alhali kuwa tattalin arzikin yankin yana kan noma da kiwo, da noman rani da kamun kifi a madatsar ruwa ta Daberam da ke tsakanin Dutsi da Daura, da cinikin dabbobi a kasuwannin kan iyaka irin ta Mai'aduwa. Waɗannan suna bukatar masu gyaran injin ban ruwa, da masu haɗa wutar sola, da masu kula da lafiyar dabbobi, da masu sarrafa gyaɗa da riɗi.

(iii) Gajeren zango. Sana'ar da maigida yake koyarwa cikin shekara uku ko huɗu ba ta samuwa a horon mako biyu. Kuma shirin da aka ɗaura wa sunan wata gwamnati yakan tafi tare da ita.

(iv) Rashin bibiya. Akan ƙidaya waɗanda aka yaye a ranar biki, amma ba a cika komawa bayan shekara guda a ga nawa ne suke cin abinci da sana'ar ba.

(v) Siyasa. Inda aka raba gurabe ta hannun 'yan siyasa, mai bukata yakan rasa, wanda ba ya son sana'ar ya karɓa domin alawus.

Saboda haka har yau matashin Dutsi ya fi dogara ga tsohuwar hanya. Ɗan uwa ko ɗan gari ne yake kiran sa Kano ko Abuja ko Legas, ya tsaya masa a gareji ko wurin gini ko kasuwa. Ƙasar da ake yawan buga misali da ita a wannan fanni ita ce Jamus, inda ɗalibi yake raba makonsa tsakanin makaranta da kamfani, kuma sau da yawa kamfanin ne yake riƙe shi bayan ya gama. Idan aka duba da kyau, wannan bai yi nisa da tsarin maƙerin gargajiya ba, illa dai an ƙara masa karatu da doka da takardar shaida.

9.0 Matsayin Malami

Wannan batu ya shafi ɗalibin kwalejin ilimi ta fuska biyu. Da farko shi kansa mai neman aiki ne nan gaba, kuma takardar NCE ba ta zama tabbacin samun aiki nan take ba kamar yadda takardar horon malamai ta kasance a shekarun 1970. Na biyu, a ƙauyen da babu ofishin leba, malami shi ne jami'in ba da shawara na farko da yaro zai haɗu da shi. Manhajar babbar sakandare ta 2011 ta wajabta wa kowane ɗalibi ɗaukar darasin sana'a guda, kuma garambawul ɗin manhaja na 2025 ya sake jaddada darussan sana'a. Amma manhaja a takarda take, malami ne yake ba ta rai.

Malamin Hausa yana da dama ta musamman, domin sana'o'in gargajiya suna cikin darasin al'ada. Yana iya kai ɗalibai maƙera ko majema su ga aiki da idonsu, su tattara sunayen kayan aiki, su kwatanta su da na mai walda ko mai gyaran babur. Yana iya gayyato mai sana'a ya yi wa aji bayani, ya koya wa yara rubuta wasiƙar neman aiki da cika fom da lissafin uwar kuɗi da riba. Ya kamata ya san lokutan da kwalejojin fasaha da cibiyoyin horo suke ɗaukar ɗalibai domin ya sanar da iyaye. Mafi muhimmanci, ya kiyaye harshensa. Malamin da yake tsoratar da yaro da cewa idan bai yi karatu ba ƙarshensa faci ko fawa, yana dasa rainin sana'a ne a zuciyar aji gaba ɗaya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

10.0 Kammalawa

Babin ya nuna cewa koyar da sana'a da samar da aiki a Jihar Katsina sun ratso matakai huɗu: na gida da maigida, da na En'e da makarantun Turawa, da na hukumomin tarayya bayan 'yancin kai, da kuma na shirye-shiryen gwamnatocin farar hula. A kowane mataki an ƙara yawan wuraren koyo, amma igiyar da ta haɗa koyo da aiki ta riƙa sassautawa. Gyaran da ake bukata a wuri irin Dutsi shi ne a fara da tambayar irin aikin da yankin yake nema kafin a tara yara horo, a ba masu sana'a na cikin gari matsayi da shaida a cikin tsarin, a samar da wurin rajista da ba da labarin aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, sannan a riƙa bibiyar waɗanda aka yaye.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin horon sana'a da hidimar samar da aiki.

2. Ta yaya tsarin gargajiya ya haɗa koyo da shaida da mashigar aiki? Kawo misali da sana'a guda.

3. Waɗanne dalilai ne suka sa aka kafa hukumar NDE, kuma me ta aro daga tsarin gargajiya?

4. Zaɓi sana'o'i biyar da ake yi a garinku, ka bincika yadda masu yin su suka koya da yadda suka samu jarin farko.